Littafin masu feshi: yadda nake bin lafiyar ma'aikatan garkarmu

Ranar da ƙanena ya faɗi a garka, a moto muka ɗauko shi, wani na tuƙi ni ina riƙe da shi ta baya. Rigarsa sharkaf da zufa, miyau na zuba, yana cewa duhu yake gani alhali rana tsaka ce. Da muka isa likita, majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, ya ɗaga fatar idonsa ya haska, ya juyo ya ce mini, "Malam, wane magani ya fesa?" Na ce maganin ƙwari. Ya ce, "Wannan na sani. Wanne daga ciki?" Na yi tsuru-tsuru. Famfo nawa ya yi yau? Jiya ma ya yi feshi? Ban sani ba. Abin da kawai na iya gaya masa shi ne mun ɗura masa nono kafin mu taso, ya kuwa yi mini faɗa kamar ɗan lakwal. Allah ya sa da sauran kwana, yaron ya tashi.

Ni ba likita ba ne. Magatakarda ne na wata 'yar ƙungiyar manoman albasa a yankin Galmi, cikin jihar Tawa ta Nijar, kuma aikina lissafin taki da man injin ban ruwa da buhunan da suka fita. Daga waccan rana na sayi kaye na biyu mai bango mai kauri, na ware shi don jikin mutane. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda ake cika shi da yadda ake karanta shi, kamar yadda majon nan da malaman gona suka koya mini, da abin da kuskure ya ƙara mini.

Fara tun kafin dashe, lokacin da iri yake reno kuma ba a shiga feshi gadan-gadan ba. Kowane mutum shafinsa daban. Kuskurena na farko shi ne na rubuta masu goyon famfo kaɗai. Wanda ke auna magani yana damawa ya fi su shiga haɗari, don shi ke taɓa shi tsagwaronsa kafin a sirka da ruwa. Akwai yaron da ke ɗauko ruwa yana tsaye ta inda iska ke kaɗawa. Akwai matan da ke shiga fangula cirar haki da safe bayan an yi feshi da marece, da uwargidan da ke wanke rigar aikin a baho ɗaya da kayan yara. Duk su shiga littafi.

A saman shafi ka rubuta yadda mutum yake kafin aiki ya taɓa shi: shekarunsa, ko yana da fuka, ko tsohon ciwon fata, ko yawan ciwon kai, ko yana shan taba. Ka kama wuyan hannunsa yana zaune a inuwa ka ƙirga bugun jini na minti ɗaya. Ga babba mai lafiya yakan faɗa tsakanin 60 zuwa 100. Ka dubi ɗigon baƙin da ke tsakiyar idonsa a cikin inuwa don ka san girmansa na kullum. Amfanin wannan duka sai nan gaba, ranar da wani zai ce maka ai dama can haka yake. A nan ne kuma ake tace waɗanda ba za su kusanci magani ba sam: yaron da bai kai shekara 18 ba, mai ciki, mai shayarwa, mai fuka. Na sha rigima da dattijo guda kan jikansa, yana cewa shi ma da ƙuruciya ya fara. Na ce, "Baba, a ƙuruciyarku toka kuke barbaɗawa." Ya yi dariya, ya bari.

Sai rubutun ranar feshi. Layi ɗaya ya isa: kwanan wata, ƙarfe nawa aka fara aka gama, wane magani, marfi nawa aka zuba a famfo mai lita 15 ko 16, famfo nawa mutum ya goya, da iska ko babu, me ya sa a jikinsa, famfon ya yi yoyo ko bai yi ba. Idan an gwama magani biyu ko uku a famfo ɗaya, abin da mutanenmu ke yi idan ƙananan ƙwarin nan masu tsotse lawashi har ya yi fari suka ƙi mutuwa, a rubuta su duka.

Wajen sunan magani ne ake tuntuɓe. Babban sunan da ke gaban kwalba na kasuwa ne, gobe sai ya canza. Wanda majo ke buƙata shi ne ƙaramin rubutun da ke ƙasa, sunan sinadarin, galibi da lamba kusa da shi. Ko ba ka jin Faransanci ko Ingilishi, kwafi haruffan yadda suke, ko ka ɗauki hoton kwalbar gaba da baya da salula. Da sannu ido zai saba. Sunayen da ke ƙarewa da "fos" ko "phos", irin su kulorfirifos da furofenofos, da dimetowat, da DDVP wanda muke kira piya-piya, dangi ɗaya ne, organofosfat, kuma su ne suka kwantar da ƙanena. Masu ƙarewa da "thrine", irin su lamda-sihalotirin da sifametirin, wani dangi ne daban. Ka dubi zanen launi a gindin takardar kwalba: ja ya fi kowanne haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai tsanwa. Ka duba kuma ko akwai lambar CSP, wato kwamitin ƙasashen Sahel da ke tantance magungunan ƙwari daga mazauninsa a Bamako, a ƙarƙashin CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel ta yaƙi da fari. Da yawa daga abin da ke kasuwanninmu ba su da wannan lamba. Wanda kuwa aka ɗura a tsohuwar robar ruwa ba takarda ba suna, ni a littafi "ba suna" nake rubutawa in ja masa layi biyu, kuma a ƙungiyarmu mun daina karɓarsa.

Yanzu ga inda aikin yake: tambayar mutum yadda yake ji. Idan ka ce wa Ba'adare "lafiya?" amsa ɗaya ce, "lahiya lau", ko da ƙasa na juya masa. Saurayi kuwa gani yake faɗin ciwon kai ragwanci ne, sai ka ji "ni na saba, magani ba ya kama ni". Sabo turken wawa. Saboda haka ba na tambaya a gaban jama'a, kuma ba na tambaya dunƙule. Ina jan mutum gefe in ce: kanka ya sara? Da ka miƙe ƙasa ta juya? Kana ganin wancan icen sosai ko dishi-dishi? Bakinka na tara miyau? Cikinka ya murɗa? Ina yin haka sau uku: da ya ajiye famfo, da dare bayan isha'i, da kuma wayewar gari. Wasu alamun sukan ɗauki awoyi kafin su fito, musamman idan ta fata maganin ya shiga, kuma ta fatar ya fi shiga mai feshi.

Ido ya fi kunne amfani a nan. Ina dubar ɗigon idon nan a inuwa. Idan ya tsuke ya koma kamar kan allura kuma bai buɗe ba, wannan babbar alama ce ta organofosfat. Ina dubar fatar ido da leɓe ko suna ɓal-ɓal su kaɗai. Ina ja layi a ƙasa da ƙafa in ce ya bi. Idan bugun jini ya sauka ƙasa sosai da abin da na rubuta a farko, ko ya haura ba dalili, ina rubutawa. Ga mai aure, matata ke tambayar matarsa: ya ci tuwo jiya? Ya yi barci? Ya yi ta fita bayan gida? Abin da namiji ya ɓoye wa magatakarda, ba ya ɓoyuwa ga mai ɗaki.

Abin da na samu ina sa masa alama iri uku a gefen layi. Ɗigo ɗaya ga ƙananan abubuwa: ciwon kai, jiri, atishawa, jan ido, ƙaiƙayi, ko zafin fuska kamar an shafa tonka. Wannan zafin fuskar aikin dangin "thrine" ne, yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu, amma shaida ce cewa magani na isa fata. Mai ɗigo ɗaya ya yi wanka da sabuni, ya sake tufafi, ya bar feshi ranar. Ɗigo biyu ga amai, zawo, zufar da ta wuce ta aiki, miyau da hawaye da majina, gani dishi-dishi, rawar tsoka, tangaɗi. Wannan ba a kwana da shi a gida, likita za a je yanzu. Na uku ba a tsayawa rubuta shi sai an dawo: numfashi da ƙyar ko da ƙara a ƙirji, kumfa a baki, jijjiga, suma.

Abu biyu ke rikita mu a ƙasar nan, rana da sauro. Cikin Maris da Afrilu zafi na wuce digiri 40, kuma mai goye da lita 16 a baya yana iya faɗuwa don rana kaɗai. Wanda rana ta buga bakinsa bushewa yake, jikinsa ya ɗau zafi. Wanda organofosfat ya kama kuwa jiƙewa yake ta ko'ina, baki da ido da hanci, ga ido a tsuke. Zazzaɓin sauro kuma da masassara yake zuwa, kuma gwajinsa a likita 'yan mintoci ne. Amma kada ka zauna kana alƙalanci a garka. Ka kai shi, ka faɗi cewa ya yi feshi, tun kafin a tambaye ka. Mutane da dama sukan karɓo maganin zazzaɓi su dawo don ba wanda ya ambaci famfo.

Kafin a hau moto, a fitar da shi daga wurin, a tuɓe rigar da ta jiƙe, a wanke jiki da ruwa mai yawa da sabuni har gashin kai da ƙarƙashin farce. Idan ido ne, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta kamar minti 15. Mai taimako ya sa safar roba ko ya ɗaura leda a hannu. Wanda hankalinsa ya gushe a kwantar da shi ta gefe, kada a zuba masa kome a baki. Batun nono kuwa, ina roƙon jama'a don Allah a bari. Nono ba ya kashe dafin nan, mai da man shanu ma haka, kuma sa mutum amai da ƙarfi yana iya tura maganin cikin huhu, tunda yawancinsu a cikin wani ruwa mai kama da kananzir aka narka su. A tafi da kwalbar a ƙulle cikin leda, da littafin. Allurar da ke karya dafin organofosfat, atirofin, a hannun ma'aikatan lafiya take kuma su suka san awonta.

Ko an sallamo mutum, shafinsa bai rufe ba. Tsakanin kwana 1 zuwa 4 bayan guba irin wannan, wani rauni na iya biyowa: ya kasa ɗaga kai daga matashi, haɗiya ta yi wuya, numfashi ya yi sama-sama. A mayar da shi nan take. Bayan mako 1 zuwa 3 kuma ina tambayar ko ƙafafu na yin sanyi, ko jin kamar ana soka ƙaya, ko takalmi na suɓucewa bai sani ba.

Maganin haki na parakwat labarinsa daban ne, shi ya sa nake ja masa jan layi. Ƙasashen CILSS sun hana shi, amma yana shigowa. Ba shi da makari. Wanda ya kurɓe shi ko kaɗan yana iya zama kamar ya warware, bayan kwanaki huhu ya lalace. Ga mai feshinsa kuma ina dubar farce ko yana canza launi yana ɓarewa, da haɓo, da gyambon da ya ƙi warkewa. Ko kurɓa ɗaya ce, ko an tofar, likita za a nufa ba tare da jiran alama ba.

Akwai gwajin jini da ke ganin abin da ido bai kai ga gani ba. Majo ya kwatanta mini shi da aikinmu. A jiki akwai wani sinadari, kolinestaras, wanda aikinsa kamar na mai tare ruwa ne a bakin fangali: jijiya ta aika saƙo, saƙo ya isa, shi kuma ya datse. Organofosfat da danginsa kabamat ɗaure wannan mai tare ruwan suke yi, sai saƙo ya yi ta kwarara, shi ne miyau da zufa da zawo da rawar jiki. Kafin a kai nan, yawansa na raguwa a jini a hankali, feshi bayan feshi, mutum na yawonsa. Ma'aikatan yaƙi da fara ana auna musu shi kafin fita daji da bayan dawowa, da 'yar na'urar da ke karɓar ɗigon jinin yatsa, kuma a jihohin Kalifoniya da Washinton na Amurka doka ce ta wajabta shi ga masu yawan aiki da waɗannan magunguna. Idan ana son wannan gwaji, sai ƙungiya ta je wa majo da ofishin kare tsirrai na gidan gona da buƙatar a rubuce, don a fi saurarenta.

Idan an samu, ga ƙa'idarsa. Awon farko ana yinsa ne bayan mutum ya yi aƙalla kwana 30 bai taɓa maganin ba, don kowa da nasa mizanin, ba a gwada na wani da na wani. A wurinmu tazarar ta fi samuwa bayan albasa ta shiga rudu, wato rumbun ajiyarta. Idan awon tsakiyar aiki ya ragu da kashi 20 cikin 100, a binciki yadda mutumin ke aiki. Idan na jajayen ƙwayoyin jini ya ragu da kashi 30, ko na ruwan jini da kashi 40, ya bar maganin har sai ya koma kashi 80 na awonsa na farko. Na ƙwayoyin jinin da kusan kashi 1 a rana yake farfaɗowa, don haka hutun kwana biyu wasa ne. Gwajin kuma ba ya nuna dangin "thrine" ko maganin haki, saboda haka bai ɗauke wa littafi aikinsa ba.

Ƙarshen kowane wata nake zama da littafin in bi ɗigogin. Nan ne ya fara biyana wahalata. Mutum uku daban-daban sun yi kukan ƙaiƙayi a gadon baya da ƙugu. Da na duba, famfo ɗaya suka goya, robar bakin marfinsa ta tsage. Da 'yan daloli muka sauya ta. Ciwon kai kuma na ga yana taruwa a ranakun da aka wuce ƙarfe 10 ana feshi, ko iskar hunturu ta taso ba a tsaya ba, sai muka mayar da feshi sassafe ko gab da faɗuwar rana. Wani da ke yawan samun ɗigo, ashe idan kan famfo ya toshe da baki yake hura shi. Wani kuma rawaninsa yake rufe hanci da shi, rawanin ya sha magani, ya yini da shi a fuska, gobe ya sake naɗa shi ba wanki. Na gano ma cewa goro da taba da shayin tsakiyar aiki duk ƙofofi ne, haka zagayawa fitsari ba a wanke hannu ba, don fatar wajen ta fi ta tafin hannu saurin shan magani nesa ba kusa ba.

Wani shafi ya taɓa ɗaure mini kai: mutum bai yi feshi ba mako guda amma kullum da ciwon kai yake tashi. Sai matarsa ta ce piya-piya suke yayyafawa a ɗaki saboda sauro, su rufe ƙofa su kwanta. Tun daga nan na ƙara tambayar gida a littafi, har da ƙwayar nan da ake sa wa buhun wake, wadda iskarta ke kisa idan a ɗakin kwana aka ajiye buhun. Ragowar magani kuma akwatin ƙungiya yake komawa a kulle, mabuɗi a hannun mutum biyu.

Sau ɗaya a shekara ina wata tambayar ta daban ga waɗanda suka daɗe a aikin: rawar hannu, mantuwa, saurin fushi ko ƙuncin rai, tarin da ya ƙi tafiya, da ɓari ga mata, wanda wannan matata ke tambaya. Ba na cewa magani ne ya kawo, rubutawa kawai nake in tura mutum likita da shafinsa. Amma ban ɗauke shi wasa ba, tunda Faransa tun 2012 ta sa ciwon rawar jiki na Fakinson cikin cututtukan da aikin feshi ke jawo wa manoma.

Abu ɗaya na iya kashe littafin nan cikin mako guda: a kori ɗan ƙwadago don ya faɗi gaskiya. Ya taɓa faruwa a garkar wani cikinmu, kuma wata guda cur kowa "lahiya lau" yake ce mini. Sai da muka zauna muka yanke cewa wanda aka ɗauke daga feshi zai koma ban ruwa a wani ɓangaren ko ɗaurin buhu, kuɗinsa na yini bai ragu ba, sannan bakuna suka sake buɗewa. Na ce wa mai garkar, "Alhaji, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma sai in mai wankan ya tabbata ba za a yi masa dariya ba." Shafin mutum kuma sirrinsa ne, ni da shi da majo ke gani, mai garka lissafin famfo kawai nake nuna masa.

'Yan ƙwadagon da ke zuwa rani su koma gida da faɗuwar ruwa su ne suka fi goyon famfo, kuma su ne ke ɓacewa daga idonmu. Ranar sallama, bayan an biya mutum, ina ɗaukar hoton shafinsa in tura masa a WhatsApp. Wanda ba shi da babbar salula ina kwafe masa sunayen magungunan da ranakun da ya samu ɗigo a 'yar takarda, in naɗe ta a leda, in ce ya ajiye ta tare da katinsa na ɗan ƙasa, ya nuna wa majon garinsu duk ranar da jiki ya ƙi.